Suna, zane da tambari: yadda waya da kwamfuta ke gane abin da ke cikin fayil

Kawuna yana zaune a wani ƙauye kusa da Zurmi, kuma yana da memori guda ɗaya da ya fi kowace waya daɗewa a hannunsa. Waya ta lalace a sayi wata, a ciro ɗan memorin a mayar cikin sabuwa, haka ake ta yi fiye da shekara goma. A cikinsa akwai karatun tafsiri na azumi da yawa, da waƙoƙin Narambaɗa da na Ɗanƙwairo, da hotunan auren 'ya'yansa biyu, da wani gajeren saƙon murya da ƙanensa ya aiko masa daga Legas watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Ranar da ya zo Ƙauran Namoda ya same ni, ko ruwa bai gama sha ba ya zaro wayar daga aljihu.

"Ɗana, duba mani wagga waya. Komi ya koma hwari."

Na karɓa na duba. Wurin hotuna wayam, wurin sauraren karatu wayam. Da na shiga ma'ajiyar fayiloli sai na iske wata folda mai suna LOST.DIR, cike da 'yan fararen takardu, kowace da lamba tsirara a ƙarƙashinta, babu suna, babu alamar kiɗa, babu alamar hoto. Ka taɓa ɗaya, waya ta ce ba ta san da me za ta buɗe ta ba. Sai dai na lura da abu guda da ya kwantar mini da hankali: kowace tana da nauyinta. Wannan megabayit huɗu, waccan sittin, wata kilobayit ɗari biyu. Buhunan suna nan cike, rubutun jikinsu ne ya goge.

Abin da ya faru da memorin kawu yana faruwa kullum a shagunan caji da na tura waƙa daga Shinkafi har Gusau, kuma yana buɗe wata tambaya da ba kasafai muke yi ba. Ta yaya waya take sanin cewa wannan hoto ne, wancan waƙa ce, wancan kuma takardar makaranta ce? Wa ya gaya mata? Kuma ɗan hoton nan da take liƙa wa kowane fayil, wanda zan kira tambari, daga ina take samo shi, kuma har ina ya kamata mu yarda da shi?

A wurin na'ura babu hoto, babu waƙa. Kowane fayil jerin lambobi ne kawai, kowace lamba tsakanin 0 da 255, ita ake kira bayit. Muryar ƙanen kawu lambobi ce, fuskar amarya lambobi ce. Sunan fayil ma ba a cikinsa yake ba. Ana rubuta shi a wani wuri dabam na memorin, cikin wani jadawali mai kama da littafin mai tsaron sito, inda aka ce buhu kaza sunansa kaza, yana ajiye a kusurwa kaza, nauyinsa kaza. Idan batir ya mutu ana tsakiyar rubutu, ko aka fizge memori waya tana kunne, littafin ne yakan fara lalacewa. Sai Android ta bi sito tana tsintar buhunan da ba su da mai su a littafi, ta tara su a LOST.DIR da lambobi a madadin suna. Windows ma tana yin irin haka, ita takan zuba su a FOUND.000, ta sa musu wutsiyar CHK.

To, wutsiya. Hanyar da Windows ke bi har gobe wajen gane fayil ita ce duba 'yan haruffan da ke bayan ɗigo na ƙarshe a sunansa: jpg, mp3, pdf, docx. Wannan al'ada ta girmi Windows ɗin kanta. Manhajar CP/M ta Gary Kildall ta yi amfani da ita a shekarun 1970, MS-DOS ta gaje ta a 1981, da ƙa'idar cewa suna ba zai wuce harafi 8 ba, wutsiya kuma ba za ta wuce 3 ba. Shi ya sa har yau muke rubuta jpg alhali asalin sunan tsarin JPEG ne mai harafi huɗu. An datse shi ne don ya shiga. Windows 95 ta ba da damar dogon suna har harafi 255, amma ba ta saki wutsiya ba.

A cikin Windows akwai wani babban kundi da ake kira rajista. Duk manhajar da ka girka takan je can ta rubuta kanta: wutsiya kaza tawa ce, ni za a kira idan an danna ta, ga kuma tambarin da za a liƙa mata. CorelDRAW, wadda masu buga katin biki da fastar siyasa ke aiki da ita, ta ce cdr tata ce. Word ta ce docx tata ce. Idan ka buɗe folda, Windows ba ta leƙa cikin fayilolin don ta tantance irinsu. Wutsiya take karantawa, ta duba kundi, ta ɗauko tambari ta manna. Aikin yana da sauri ƙwarai, kuma saurin ne ya sa aka zaɓe shi tun zamanin da kwamfuta ba ta da ƙarfi.

Daga nan ne wani ruɗani da na sha gani wurin ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙauran Namoda yake tasowa. Yarinya ta zo shagon buga takarda hankali a tashe, ta ce takardar shaidar biyan kuɗinta ta koma Chrome. Ba abin da ya taɓa takardar. PDF ce jiya, PDF ce yau. A kwamfutar da ta saba gani, manhajar Adobe ce ta yi rajistar wutsiyar pdf, shi ya sa tambarin yake ja. A wannan kuwa Chrome ce ko Edge ta karɓi aikin, sai ta sa nata. Tambarin yana faɗin wanda zai buɗe fayil ɗin a wannan na'urar ne, shi ya sa fayil guda kan sauya riga daga shago zuwa shago.

Haka kuma ake samun akasin wannan. Wani ya ɗauki hoton fasfo da iPhone, wadda tun 2017 take ajiye hotuna a tsarin HEIC, ya je cike fom a intanet aka ce sai JPG. Sai wani mai ɗan sani ya ce masa ai abu ne mai sauƙi, goge heic ka rubuta jpg. Tambari ya canza nan take, kowa ya yi murna. Amma lambobin ciki suna nan yadda suke. Wani shafin zai karɓa don suna kawai ya duba, sai ranar buga takarda a ga gurbin hoto babu kowa. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san buhu ba ya mutuwa da kayansa na farko: buhun taki yakan dawo da gero, buhun sukari ya dawo da wake. Ka rubuta shinkafa a jikin buhun gero da babban alli, in an kwance gero za a gani. Mai son hoton ya zama JPG na gaske sai ya buɗe shi da manhajar hoto ya sake adana shi a sabon tsari, wato a sake lissafa lambobin daga farko.

Masu tura finafinai sun fi kowa sanin wannan a aikace, ko da ba su karanta shi a littafi ba. Suna ajiye fim guda kashi biyu, mai nauyi na babbar waya da mara nauyi na ƙaramar waya mai maɓalli, wanda galibi 3GP ne. Sun kuma san cewa wani MP4 zai yi wasa a wannan waya ya ƙi a waccan, ko a ji murya babu hoto. Dalili shi ne MP4 mazubi ne kawai. Abin da aka zuba a ciki yana iya zama hoton da aka matse da tsarin H.264, wanda kusan kowace waya ta iya, ko da H.265, wanda tsofaffin wayoyi ba su iya warwarewa. Wutsiya ta faɗi irin kwanon, ba ta faɗi irin tuwon ba.

Kamfanin Apple ya taɓa bin wata hanya dabam. A Macintosh ta 1984, kowane fayil yana ɗauke da ɓoyayyun alamomi biyu masu harafi huɗu-huɗu, ɗaya tana faɗin irinsa, kamar TEXT, ɗaya tana faɗin manhajar da ta ƙirƙire shi. Mai amfani ya sa duk sunan da ya ga dama, ba ruwansa da ɗigo. Tsari ne mai kyau, amma alamomin sukan zube a hanya idan fayil ya ratsa wata na'urar da ba ta san da su ba, kuma da intanet ta zo, ratsawar ta zama ruwan dare. A ƙarshe Apple ma ta rungumi wutsiya.

Intanet ɗin ta zo da tata dabarar. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fitar da tsarin MIME don a iya aika hoto da sauti ta imel. Mai aikawa ne yake haɗa kaya da 'yar takarda mai cewa wannan image/jpeg ne, wannan audio/mpeg ne, wannan application/pdf ne. Yakan tuna mini da tashar jirgin ƙasa ta garin nan, inda layin dogo daga Zariya ya iso a 1929 ya tsaya, a da ana lodin gyaɗa da auduga zuwa kudu. Akawun tashar da ke can gaba ba ya kwance kowane tarago, takardar da ta rako kayan yake karantawa. Android da wannan harshe take magana a cikinta. Idan ka taɓa fayil, takan yi shela ga duk manhajojin da ke wayar cewa ga application/pdf, wa zai iya? Waɗanda suka ɗaga hannu su ne kake gani a jerin nan da ke tambayarka da wacce za a buɗe, sau ɗaya ko kullum. Idan kuwa mai aikawa bai san abin da ya aiko ba, sai ya rubuta application/octet-stream, ma'ana tarin bayit ne kawai. Irin wannan ne kan sauko wa mutum da wutsiyar bin, ya yi ta dannawa ba ya buɗewa. A mafi yawan lokuta kuma, idan fayil yana zaune a memori babu takardar rakiya, Android daga wutsiya take ƙirƙiro masa ita. Shi ya sa fayilolin kawu da suka rasa wutsiya suka zama marayu.

Saura hanyar da ta cece mu a ranar, kuma ita ce na fi so. Dattawan ƙasar nan suna iya duban fuskar baƙo su ce wannan Bagobiri ne, wannan Bazamfare ne, wannan Bakabe ne, tun bai buɗe baki ya faɗi sunansa ba, saboda zanen gado da wanzami ya yi masa yana jariri. Suna ana iya canzawa a tasha, zane kuwa yana tafiya da mutum duk inda ya je. Yawancin fayiloli suna da irin wannan zane a goshinsu, wato 'yan bayit na farko da wanda ya tsara irin fayil ɗin ya ƙayyade. Kowane hoton JPEG yana farawa da lambobi 255, 216, 255, waɗanda masana ke rubutawa FF D8 FF. Kowace PDF tana farawa da %PDF. Hoton PNG yana da bayit takwas a gaba, uku daga cikinsu haruffan PNG ne, sauran an zaɓe su ne da gangan don a gane idan hoton ya lalace a hanya. Saƙon muryar WhatsApp yana farawa da OggS. Muryar da ƙaramar waya ta naɗa a tsarin AMR tana farawa da #!AMR. Waƙar MP3 sau da yawa tana farawa da ID3. Bidiyon MP4 da 3GP suna da kalmar ftyp bayan bayit huɗu na farko.

Wasu daga cikin zanen nan sunayen mutane ne. Fayil ɗin ZIP yana farawa da PK, haruffan farko na sunan Phil Katz, wanda ya fito da tsarin a 1989. Duk manhajar Windows mai wutsiyar exe tana farawa da MZ, wato Mark Zbikowski, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina MS-DOS. A duniyar Unix, tun 1973 akwai wani ɗan umarni mai suna file wanda aikinsa kenan, ya leƙa goshin fayil ya faɗi ko mene ne, kuma yana nan a Linux da kwamfutocin Apple har yau.

Da shi na bi LOST.DIR ɗin kawu bayan na kwafe komai zuwa kwamfuta. Wanda ya nuna FF D8 FF na ƙara masa jpg, sai ga amarya cikin lulluɓi. Wanda ya nuna ID3 na ƙara masa mp3, sai ga kotso yana tashi. Manhajojin ceto irin su PhotoRec da wannan dabara suke aiki ko da littafin sito ya goge gaba ɗaya: suna bin memori daga farko zuwa ƙarshe suna neman goshin da suka sani. Wannan ne dalilin da ya sa nake roƙon duk wanda memorinsa ya rikice da kada ya yarda a ce a yi masa fomat a zuba sababbin waƙoƙi. Muddin ba a rubuta sabon abu a kai ba, tsofaffin lambobin suna nan kwance. Da zarar an zuba sabon fim, ya hau kansu, shi ke nan.

Zane ma yana da iyakarsa. Rubutu tsantsa ba shi da wani goshi na musamman, sai dai na'ura ta yi hasashe. Sannan takardar Word ta zamani, da jadawalin Excel, da manhajar Android mai wutsiyar apk, dukkansu a ciki ZIP ne, duk da PK suke farawa, sai an kwance ƙunshin an ga abin da ke ciki kafin a bambance su. Ga shi kuma leƙa cikin fayil dubu biyar ya fi karanta sunayensu cin lokaci. Don haka manhajojin Linux suke haɗa biyun, su fara da suna, idan babu wutsiya ko an samu saɓani su koma ga zane. A ganina wannan ne tsarin da ya fi kusa da hankali, irin na ɗan kasuwar da ke karanta rubutun buhu amma bai fasa soka ƙarfe ya zaro 'yan ƙwayoyi ya gani a tafin hannunsa ba.

Shi kansa tambarin, asalinsa ofishin Amurka ne. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 ce ta fara fitowa kasuwa da fuska mai kama da teburin akawu, da takarda mai lanƙwasasshiyar kusurwa da folda irin ta kwali. Susan Kare ta zana na Macintosh a cikin fili mai ɗigo 32 a tsaye 32 a kwance, baƙi da fari kawai. Yaron da ya tashi a Zurmi yau bai taɓa riƙe faifan fulofi ba, amma ya san hotonsa yana nufin adanawa, kamar yadda ya san ɗan mazurarin nan ruwan lemo mai fararen layuka na VLC yana nufin fim. Ya koyi alamomin ne kamar yadda ake koyon baƙi da wasali.

Tambari yana zuwa ta hanyoyi dabam-dabam. Akwai wanda kundi ke bayarwa bisa wutsiya, wanda na riga na bayyana. Akwai ɗan ƙaramin hoton da na'ura ke ƙerawa daga cikin fayil ɗin kansa, kamar yadda kake ganin fuskar mutum a jerin hotuna kafin ka buɗe. Wannan yana da ɗan ƙarfin shaida, domin sai da aka karanta cikin kafin a samo shi. Sai kuma wanda ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Manhaja, wato fayil mai aiki irin exe ko apk, ita take zuwa da tambarinta a cikin jikinta. Wanda ya rubuta ta shi ne ya zaɓi hoton. Yana iya zaɓar hoton folda. Yana iya zaɓar jan tambarin PDF. Na'ura za ta nuna abin da ya zaɓa ba tare da tambaya ba.

Haɗa wannan da shawarar da Microsoft ta yanke tun Windows 95, ta ɓoye wutsiyar fayilolin da ta sani don kada ta rikita sabon shiga. An yi ne da kyakkyawar niyya, amma na daɗe ina ganin kuskure ne babba, domin an ɗora dukkan tsarin a kan wutsiya sannan aka rufe wa mutum ita. A watan Mayun 2000 wani bairos da ya taso daga Manila ta ƙasar Filifin ya shiga miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki, a matsayin wasiƙar soyayya da aka liƙa a imel. Sunan fayil ɗin yana ƙarewa da TXT.vbs. Windows ta ɓoye vbs ɗin, mutane suka ga TXT suka ɗauka rubutu ne mara cutarwa, suka danna.

Mu a nan, wanda muka fi sha shi ne na filash. Ɗalibi ya kai aikinsa na ƙarshen karatu a buga masa, ya dawo gida ya iske duk foldojinsa sun zama masu 'yar kibiya a kusurwa, kowace nauyinta bai wuce kilobayit ɗaya ko biyu ba. Bairos ɗin ya ɓoye foldojin gaske, ya ajiye gajerun hanyoyi masu sunansu da tambarinsu a gurbinsu. Ka danna, ya fara tayar da kansa a kwamfutarka, sannan ya buɗe maka foldar don kada ka yi zargi. Wutsiyar irin waɗannan lnk ce, kuma Windows ba ta nuna ta ko ka ce a nuna sauran, 'yar kibiyar nan ce kaɗai shaidarka. Wani kuma yakan zo da sunan sabuwar folda da rawayan tambarinta, alhali exe ne. Kama da wane ba wane ba ne. Abin farin ciki shi ne aikin ɗalibin galibi yana nan, sai a cire masa alamar ɓoyewa da umarnin attrib bayan an kashe bairos ɗin. Na ga waɗanda suka goge filash ɗinsu da hannunsu saboda sun ɗauka komai ya tafi.

Akwai wata dabara da ta shafe mu ta wata fuska, mu da muka gaji rubutun ajami daga dama zuwa hagu. A cikin tsarin Unicode, wanda ya ba kwamfuta damar rubuta Larabci da ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu, akwai wani harafi da ba a gani, lambarsa U+202E, aikinsa ya juya abin da ya biyo bayansa ya karantu daga dama. An tanade shi don masu haɗa Larabci da boko a layi guda. 'Yan damfara sukan cusa shi a tsakiyar suna, sai fayil ɗin da ƙarshensa gpj.exe ne ya bayyana a ido yana ƙarewa da exe.jpg. Har ma an taɓa kaiwa inda ba sai an danna ba. Bairos ɗin Stuxnet, wanda aka gano a 2010 kuma ya lalata injunan tace yuraniyom na Iran a Natanz, ya shiga ne ta wani rauni a yadda Windows ke ɗauko tambarin gajeriyar hanya: ka saka filash, ka buɗe folda, a ƙoƙarin zana tambarin kawai cutar ta tashi. An toshe wannan ramin a watan Agustan shekarar.

Yau yaƙin ya koma waya. Tun 2017 WhatsApp take barin a aika kowane irin fayil. A farkon 2023 hukumomi a Indunusiya suka yi ta gargaɗi kan saƙon da ke zuwa da sunan katin gayyatar biki, wanda a gaskiya apk ne. Wanda ya girka shi ya ba shi izinin karanta saƙonni, sai lambobin sirrin da banki ke aikowa su riƙa wucewa hannun ɓarawo. Duk wanda ya san yadda katin ɗaurin aure da na walima ke yawo a wayoyinmu ya san ƙofar a buɗe take a nan ma. Katin gaske hoto ne ko PDF, kana taɓa shi zai buɗe. Duk katin da ya ce sai ka girka shi, ko waya ta fito da gargaɗin cewa ana son izinin girka manhaja daga wajen da ba a sani ba, ba kati ba ne.

Abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a wajenmu shi ne mutane da yawa a karkarar Shinkafi da Zurmi da Ƙaura ba da karatun boko suke sarrafa waya ba. Kawu yana karanta Alƙur'ani da ajami ba tare da tuntuɓe ba, amma haruffan apk da pdf duk ɗaya ne a idonsa. Da tambari yake tafiya: kore na kira, alamar kiɗa ta karatu, ja na takarda. Abin da ya fi dogara da shi shi ne abin da ya fi sauƙin jabu. Kuma fayiloli a nan sun fi yawo hannu da hannu fiye da saukowa daga intanet. Mun ga haka ƙarara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, mu na arewa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A tsawon makonnin nan, wa'azi da labari da fim da takardun makaranta duk ta Xender da Bluetooth da memori suka riƙa tafiya. Wanda ya dawo daga Sakkwato ko Funtuwa da sabon abu a wayarsa, kafin dare ya zagaya unguwa. Fayil ɗin da ya bi ta waya goma babu wanda zai iya cewa ga asalinsa.

Saboda haka nake ɗora nauyin a kan masu shagon caji da masu turi da masu shagon kwamfuta, domin su ne wanzaman wannan zamani, ta hannunsu komai ke bi. Kwamfuta guda a bakin kasuwa tana iya karɓar memori masu yawa a yini, kuma duk abin da ke cikinta zai bi su gida. Aikin minti ɗaya ne mai shago ya shiga saitin folda a Windows ya kunna nuna wutsiyar suna da nuna ɓoyayyun fayiloli, ya kuma sauya kallon folda daga manyan tambura zuwa jeri mai nuna iri da nauyi. Daga ranar zai riƙa ganin fim mai nauyin kilobayit ɗari uku ya san ba fim ba ne, ya ga folda mai wutsiyar exe ya san kura ce da fatar akuya. Idan dattijo ya miƙo waya ya ce a buɗe masa katin da aka aiko, yaron shago ya karanta ƙarshen sunan kafin ya taɓa.

Mun kai bayan isha'i muna kan memorin kawu. Hotuna sun dawo kusan duka, ban da 'yan kaɗan da rabinsu ya koma toka-toka saboda gutsurensu ya ɓace. Sunaye kam ba su dawo ba, tunda littafin da suke ciki ya tafi. Wasu waƙoƙin suna da ɗan rubutu a cikin ID3 ɗinsu, amma da na duba sai na iske mafi yawa sunan shagon da ya tura su ne aka rubuta a gurbin sunan mawaƙi. Sai muka koma ga kunne. Ina kunna fayil, kawu yana saurare, kafin a yi daƙiƙa biyar ya ce wannan Narambaɗa ne, wannan tafsirin Suratu Yusuf ne zama na uku, ni kuma ina rubutawa ina ƙara wutsiya.

Can wajen ƙarshe na kai ga wani ƙarami, kilobayit ɗari da 'yan kai, goshinsa OggS. Na ƙara masa opus na danna. Aka yi sallama, aka ce, "Yaya, ina wuni, ya mutanen gida." Kawu ya ɗaga mini hannu alamar in dakata da sauran. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Da ya ƙare karo na biyu na tambaye shi wane suna zan sa masa, ya faɗi sunan ƙanen nasa. Na rubuta, na kwafa shi wuri uku, memorin da wayata da kwamfuta, sannan muka ci gaba da na gaba.